Alherin da Hassoumi Ya Yi da Dokin Mutum Arba'in

Duk wanda ya ce Hassoumi ɓarawo ne, to ya tafi East Greensboro ya maimaita a gaban matarsa Kouloussoum, in har ya isa. Bawan Allahn nan ko igiyar wani bai taɓa ɗauka ba. Abin da ya yi alheri ne, irin wanda ya tashi ya tarar ubansa na yi, sai dai ya yi shi a ƙasar da ba a alheri da doki. Shi ne fa ya jefa aikinsa na shekara bakwai a hannun lauya, aiki ɗaya tak da ya taɓa jin daɗinsa tun da ya sa ƙafa a Amurka.

A wani ƙauye kusa da Maraɗi aka haife shi. Ubansa ke kiwon dawakin wani Alhaji mai fataucin fata, wanda ba abin da yake so a duniya kamar ya ga dokinsa ya zo na ɗaya a filin sukuwa ran Lahadi. A bargar nan Hassoumi ya yi rarrafe. Lakwal, wato makarantar boko, aji uku ya yi ya gudo. Amma ka tsayar da doki a gabansa, ko bakinsa bai buɗe ba zai gaya maka shekarunsa, ya gaya maka ƙafar da ke masa ciwo, ya ce a ƙara kanwa ko a rage dusa. Daga yadda doki ke tauna harawa yake gane wanda zai kwanta ciwo jibi.

A garinsu, in mutum yana da ingarma mai kyau, to na gari ne. Mai goɗiya sai ya jawo abarsa da sassafe ya yi sallama, a kai su bayan barga, doki ya yi baye, a yi addu'a Allah ya sa ta ɗauka. In ya ga dama ya ajiye goro biyar, ko tiyar gero don a ƙara wa dokin. Ba a ciniki. Wanda duk ya buɗe baki ya ce a biya shi kuɗin baye, to ya ba 'yan gari abin magana har jikokinsa.

Yana da shekara arba'in da shida cacar biza ta faɗo masa. Ya iso Greensboro da Kouloussoum da 'ya'ya uku, 'yan uwa 'yan Nijar suka sama masa aiki a wani sito kusa da filin jirgi. Shekara biyar yana ɗaga kwali, wata 'yar na'ura tana masa ƙara a hannu duk sanda ya yi jinkirin daƙiƙa goma. Gwiwarsa ta hagu ta tafi a can. Mutumin da manyan Maraɗi ke aikowa a kira in dokinsu ya ƙi ci, shi ne yaran da ya isa ya haife su ke wa tsawa a kan kwalin sabulu. Ya daina yawan magana. Kouloussoum, wadda ke kitso a wani shago, ta ce a shekarun nan ba miji take dafa wa tuwo ba, inuwa take dafa wa.

Wani abokinsa mai yankan ciyawa a gidajen Sedgefield ne ya ce masa akwai gonar dawaki a arewacin gari, suna neman mai kwashe kashi. Mai kwashe kashi fa! Haka ya tafi da murna kamar an kira shi Makka. Gonar ta wata dattijuwa ce, Madam Beverly, mijinta ya mutu ya bar mata. Ita a unguwar Irving Park take zaune, Talata da Juma'a take leƙowa, da takalmin barga wanda ya fi na masallacin Hassoumi tsabta. Ba ta yi wata biyu ba ta gane wanda Allah ya kawo mata. Ta karɓe shebur daga hannunsa ta ba shi makullin barga.

A shekararsa ta huɗu aka sauke wani ingarma daga Kentucky. Baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi, ƙirji kamar ƙofar zaure. Sunansa na takarda dogon Turanci ne da Hassoumi bai taɓa wahalar da harshensa a kai ba. Ya dube shi sau ɗaya ya ce Akawal, shi ke nan. An ce ya ci manyan tsere yana matashi, daga baya aka ajiye shi don baye. Cizo gare shi, ya taɓa cire wa wani ɗan yatsa. Kwana tara Hassoumi na zama a kan bokiti a ƙofar ɗakinsa yana masa hira da Hausa, a na goma Akawal ya ɗora masa kai a kafaɗa.

Da bazara sai tireloli su riƙa shigowa da goɗiyoyi, daga Virginia, daga South Carolina. Likita ya zo ya dudduba, a shiga ofis a fito, Hassoumi ya riƙe Akawal a yi abin da ya kawo su, a tafi. Ko sau ɗaya bai ga kuɗi ya fita daga hannu ya shiga hannu ba. Ya san mutanen ƙasar nan ba sa barin komai ya wuce a banza, don haka ya ɗauka ana ba Madam ɗan wani abu, dala ɗari, ɗari biyu, kuɗin ciyawa. Har yabonta yake a masallaci, wai mace ce mai buɗaɗɗen hannu, kowa ya kawo goɗiya ba ta korarsa. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga yadda abin yake. Shekara uku yana riƙe da igiyar, ba wanda ya ga ya isa a gaya masa.

Shekarar farko goɗiya ashirin ta zo. Ta biyu sha ɗaya. Ta uku huɗu kacal. Akawal ya riƙa dukan bango da kofato, yana haniniya duk sanda ya ji mota. Abin ya tsaya wa Hassoumi a rai.

Nan Sylvanus ya shigo. Mutumin Pankshin ne, garin duwatsu, nas a wani asibiti, yana da ɗan fili bayan gari inda yake kiwon awaki da tumaki. Rabin 'yan Nijar na Greensboro wurinsa suke sayen ragon layya da na suna, shi kuwa dattijon coci ne. Da 'ya'yansa na ƙanana ya saya musu wata goɗiya a gwanjo, suka sa mata Bebi, suka girma suka watse suka bar masa ita tana cin ciyawa a banza. Wata Alhamis Hassoumi ya je duba ɗan akuya, ya hango ta tana safa da marwa a jikin shinge, tana ɗaga wutsiya.

“Oga Sylvanus, wagga goɗiya taka namiji taka nema.”

“Ni ma kuɗi nake nema, Malam Hassoumi, kowa da damuwarsa. Ka ɗauki akuyarka.”

“Kai mutumin dutse, mi ka sani ga doki? Dubi ƙugunta. In ta samu ingarma na ƙwarai, ɗan da za ta haiho sai kun yi mamaki.”

“Ina zan samu ingarma? A kantin Walmart?”

Hassoumi ya yi dariya har ya dafa shinge. “Ga shi can shina dukan bango. Kawo ta jibi Asabar da sahe.”

Sylvanus ya daina dariya. Ya fi Hassoumi boko, kuma wani abu ya ɗan taɓa shi a zuciya. “Madam ɗinka ta sani?”

“Ta tahi Florida wurin ɗiyarta. Talata in ta komo ni hwaɗa mata. Ba ta hana kowa.”

“To nawa ake biya?”

Ran Hassoumi ya ɓaci nan take. Ya saki igiyar akuya. “Shekara nawa kana rage mini kuɗin rago? Da ɗiyata Yasmina ta yi ciwo wa ya tsaya mata asibiti? Yau ni za ka tambaya nawa? Kada ka sake, Sylvanus.”

Sylvanus ya ba da haƙuri. Ran Asabar da hantsi ya ari tirela ya kawo Bebi, da buhun karas na Akawal, da goro, da kwanon gwaten acca da matarsa Dinatu ta aiko. Aka yi abin cikin minti goma. Hassoumi ya shafa wuyan dokinsa ya yi masa kirari, ya yi addu'a, Sylvanus ya ce amin da sunan Yesu, suka zauna a kan ciyawa suka cinye gwaten. Ranar Hassoumi ya koma gida yana waƙa a mota.

Talata Madam ta zo, amma ba ita kaɗai ba. Tare take da wani dogon Bature, dillalin dawaki daga Kentucky, da kwamfutar hannu. Ta ce a fito da Akawal. Hassoumi ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya tsayar da shi a rana, ya jira a yaba. Dillalin ya zaga dokin sau ɗaya, ko taɓa shi bai yi ba, ya koma kan kwamfutarsa. Turancin Hassoumi na gurguje ne, amma lamba ba ta wuce shi, kuma abin da ya ji ya sa igiyar ta kusa suɓuce masa.

Wai a Kentucky dokin ya gama yayi, 'ya'yansa sun daina cin manyan tsere, ba mai waiwayarsa. Wai a Ireland ko kyauta aka ba su ba za su biya kuɗin jirgi ba, don su a kan ciyawa suke tsere, shi kuwa zuriyarsa a kan ƙasa ta iya gudu. Wai 'yan Australiya doki mai saurin tashi suke so, wanda zai ci ɗan gajeren tsere tun yana shekara biyu, 'ya'yan wannan kuwa sai sun yi huɗu suke hankali. Wai shekara goma da ta wuce mutanen Japan sun taya shi dala miliyan shida aka ƙi sallamawa, yau ko waya ba za su ɗaga ba. Saura Koriya. Su a kan yashi suke tsere, jininsa ya yi musu, sun taya dubu ɗari huɗu.

Hassoumi ya dubi Akawal. Doki ɗaya ne, ƙafa huɗu, ga shi tsaye yana korar ƙuda da wutsiya. A nan ba ya da daraja, a can miliyan shida, a wani wurin ko kyauta ba a so. Kuma mai faɗar duk wannan ko bakinsa bai buɗe ya ga haƙori ba! Sai kuma abin ya iso masa a hankali: ashe sayar da shi za a yi.

Dillalin ya ci gaba. Ya ce abu ɗaya ne ke sa 'yan Koriya jan ƙafa. Dokin shekararsa sha shida, bana goɗiya huɗu kawai ya hau, ta ƙarshe tun watan Afrilu. Suna tambaya ko har yanzu da sauran ƙarfi, ko ya zama tsoho mai cin ciyawa kawai.

Nan fa Hassoumi ya kasa haƙuri. A sayar da dokinsa daban, a zage shi a gabansa daban. Ya tattaro Turancinsa, ya cike gurbi da Faransanci, ya ɗaga murya.

“Mesiye, wannan doki ba tsoho ba ne. Asabar ɗin nan da ta wuce ya yi baye. Hawa ɗaya! Ni na riƙe shi da hannuna.”

Dillalin ya ɗago kai. Madam ta cire tabarau.

“Wace Asabar, Hassoumi?”

“Wannan, Madam. Dama yau nake so in gaya miki. Goɗiyar abokina ce, mutumin kirki, nas ne.”

“Wace goɗiya? Daga wace gona? Ina takardunta?”

“Bebi. Ba ta da takarda. A gwanjo aka saye ta.”

“Likita ya duba ta?”

“Ni na duba ta, Madam. Lafiyarta lau.”

Madam ta nemi abin dafawa ta rasa, ta zauna daɓas a kan bokitin ruwa, da farin wandonta. Dillalin ya rufe kwamfutarsa a hankali, ya ce wata kalma da ba ta kamata a gaban dattijuwa ba. Hassoumi yana tsaye yana murmushi, murmushin na bushewa a fuskarsa, don ya ga dai an yi ɓarna amma bai ga inda take ba.

Madam ce ta warware masa. Hawa ɗaya na Akawal dala dubu bakwai da ɗari biyar ne, ta ce, kuma wannan farashin tsufa ne. Da yana tashe dubu sittin ake biya. Dokin ma ba nata ba ne ita kaɗai. Kaso arba'in aka raba shi, mutum arba'in, wasu ko ganinsa ba su taɓa yi ba, ita ajiya kawai aka ba ta. Sannan sharaɗin 'yan Koriya a rubuce yake: an ɗebi jininsa makon jiya, kuma daga ranar har ya hau jirgi kada ya kusanci wata goɗiya, balle wadda ba a san ciwon da take ɗauke da shi ba.

“Dubu bakwai,” in ji Hassoumi. “Na minti goma?”

Ya waiga ya dubi ƙofar gona, ya sake tambaya.

“To duk waɗanda ke zuwa da tirela, biya suke?”

“Me ka ɗauka suke yi?” in ji Madam.

Me zai ce? Ya ce ya ɗauka ita mutuniyar kirki ce? Ta ce ya mayar da dokin ɗaki, ya ajiye makulli a ofis, ya je gida sai ta neme shi.

Da la'asar ya tarar da Kouloussoum a kicin tana yanka kuɓewa. Ya faɗa mata tiryan-tiryan. Ta ajiye wuƙa.

“Sake faɗa mini kuɗin.”

Ya sake.

“Innalillahi! Kai nawa zan kitsa kafin in ga dubu bakwai? Baban Yasmina, ka ɗauki dubu bakwai ka ba Bebi? Bebi mai cin ledar burodi?”

“Ban sani ba, Kouloussoum.”

“Ai ba ka taɓa sani ba! Ƙasar da ake sayar da ruwan sha a kwalba, ƙasar da in ka ajiye mota a bakin titi sai ka biya, ita ce za ta ba da doki kyauta? Me aka ba ka?”

“Karas. Da gwate.”

Ta dube shi, ta dubi rufin ɗaki, ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka kuɓewar kamar ita ta yi mata laifi. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Su kuma marasa kunya, shekara uku kana shan cizo, bakinsu ciwo yake da ba su gaya maka ba? Da doki ya karya ka ai da sun san sunanka a takarda.”

Mako uku yana zaune a gida. Aka ɗebi jinin Akawal, aka je har filin Sylvanus aka ɗebi na Bebi, likita da safar hannu har kafaɗa, awaki na kallo. Sylvanus ya rame a tsaye. Sakamako ya fito, dukansu lafiya lau, kamar yadda Hassoumi ya faɗa tun farko ba tare da allura ba. Amma 'yan Koriya ba su jira ba, sun sayi wani. Tayin da ya rage daga wata gona ce a Kudancin Amurka, dubu tamanin. Wato a cikin mako uku, doki bai rame ba, bai yi ɗingishi ba, ko gashi ɗaya bai zube masa ba, amma kashi huɗu cikin biyar na kuɗinsa ya tashi a iska.

Ita kuwa Bebi, bayan duk wannan tashin hankali, ba ta ma ɗauka ba. Da Sylvanus ya bugo ya faɗa, Hassoumi ya ce, “Laihin goɗiyarka ne.” Ya kashe waya.

Ranar da Madam ta kira shi, ba gona ta ce ya zo ba, gidanta na Irving Park. Motarsa na gareji, Sylvanus ya kawo shi, ya tsaya can nesa ƙarƙashin wata bishiya don kada a gan shi. Shekara bakwai Hassoumi bai taɓa taka gidan ba. Ya cire takalmi a ƙofa, ta ce ya mayar. A falo akwai wani mutum mai taushin murya, lauyan masu dokin, da takarda ɗaya a kan tebur.

Madam ta fara. Ta ce ta san bai yi da mugunta ba. Ta ce ba ta taɓa samun mai hannu irin nasa ba, kuma ko Akawal ya tafi akwai goɗiyoyi tara da ke bukatarsa. Idonta ya yi ja, kuma ba na ƙarya ba ne. Amma masu kaso sun yi asara, suna neman wanda za su kama, kuma in aka ce ma'aikacinta ne ya yi da gangan, ita za su kama, sai dai in ta sallame shi.

Lauyan ya turo takardar da yatsa ɗaya. Ya ce akwai hanya mai sauƙi. A rubuce yake cewa mai goɗiyar ne ya shigo da ita gonar ba da izini ba, ya ce wa Hassoumi ya riga ya shirya da Madam, shi kuma ya yarda. In ya sa hannu, Litinin ya koma bakin aiki.

“Shi kuma fa?” in ji Hassoumi.

“Wannan tsakaninmu da shi ne. Yana da fili, yana da aiki mai kyau. Wataƙila yana da inshora.”

“Amma ni na ce ya kawo ta. Har ya tambaye ni ko Madam ta sani. Na faɗa a gaban dillali.”

Lauyan ya yi murmushi. “Turancinka ba shi da ƙarfi. Kowa zai yarda ba abin da kake nufi ke nan ba.”

A nan ne Hassoumi ya fi kaɗuwa, fiye da ranar dubu bakwai, fiye da miliyan shida. Mutum sanye da kwat, a falo mai sanyi, da kofin shayi a gabansa, yana koya masa yadda zai ɗauki laifinsa ya ɗora wa wanda ya zo da goro. Ya dubi Madam, yana jira ta ce wasa ne. Ta sunkuyar da kai tana juya zobenta. Ya tuna shekarunsa, hamsin da takwas. Ya tuna gwiwarsa. Ya san sarai ba wata gona a jihar nan da za ta ɗauke shi in labarin ya zaga, kuma zai zaga. Biro na nan kusa da hannunsa, ya daɗe yana kallonsa, ba a ce bai kalla ba.

“Madam,” ya ce, “na yi kuskure, ban tambaye ki ba. Wannan ki rubuta, in sa hannu sau goma. Amma mutumin nan baƙona ne. Ni na kira shi.”

Lauyan ya fara cewa ya je ya yi tunani zuwa gobe. Hassoumi ya miƙe. Ya ce wa Madam duk wanda zai ɗora Akawal a mota kada ya zo masa ta hagu, idon ya fara rauni, bai gaya wa kowa ba don kada a rage masa daraja. Lauyan ya buɗe baki ya kasa rufewa, ya jawo biro ya fara rubutu. Madam ta rufe fuska da hannu biyu. Shi kuwa ya yi musu sai an jima, ya fita ta ƙofar da ya shigo.

Sylvanus na ganinsa ya tada mota.

“Yaya? Me suka ce? Sun ambaci sunana?”

Hassoumi ya ja bel ya ɗaura, ya gyara zaman gwiwarsa.

“Wa ya san da kai, mutumin dutse? Sun ce in huta.”

“Ka huta kamar yaya? Na kwana nawa?”

“Tuƙa mu tahi. Ka bi ta wurin mai gyara, in ga ko motata ta tashi. Gobe da sahe ina da wuraren zuwa neman aiki.”